Ruwan da Ya Zo da Rani

Talata, 4 ga Azumi, bayan Azahar

Shanun sun dawo shekaranjiya da La'asar, su kaɗai. Jar saniyar ce a gaba kamar kullum, suka shige garke kowacce ta tsaya a turkenta, jikinsu a jiƙe har wuya, a watan da ko tsuntsu sai ya yi tafiya kafin ya sami ruwan sha. Baffa, mahaifina, bai biyo su ba.

Ina gidan Inna tun ranar, ni da 'yata Fatu. Rubutun nan ma don in riƙe bakina nake yi, saboda in ban rubuta ba sai na yi wa wani babba rashin kunya, ga shi ina azumi.

Abin da aka sani kaɗan ne. Da hantsi ya kora su rafi, yadda ya saba tun ba a haife ni ba. Da rani rafinmu yashi ne zalla. Sai ya sauka tsakiyarsa ya tona rami, ruwa ya tsattsafo, ya shayar da maruƙa, ya zauna a inuwar gaɓa har rana ta yi sanyi. Ranar da tsakar rana sabon dam ɗin da aka gina can sama da mu ya saki ruwa. Sama fes take, ko ɗigon gajimare babu.

Inna ta hana a shimfiɗa tabarma a ƙofar gida. Ta ce, "Makiyayi ne, ba yau ya fara kwana a daji ba. Duk wanda ya zo gaisuwa ku ce masa ya yi ɓatan kai."

Laraba, 5 ga Azumi, da hantsi

Yaya Lauwali da samarin unguwa sun bi gaɓa har ƙasar Yankwashi. Sun dawo da malfarsa, a jikin ƙaya suka same ta. Inna ta karɓa ta kakkaɓe, ta rataye a ƙusar da yake ratayewa. Ta ce, "Zai sha rana kafin ya iso."

Laraba, gab da Magariba

An kawo wuta. Yaran unguwa suka ɗauki ihu, har da Fatu, tana tsalle tana tafi. Na ɗaga hannu zan make ta, sai na fasa. Me ta sani?

Ai bara da ni aka yi ihun nan. Ranar da wutar dam ta fara shigowa garin nan guɗa na rangaɗa har maƙogwarona ya dushe. Baban Fatu ya je Kazaure ya ɗauko min firiza a bayan a-kori-kura, na fara ƙulla ƙanƙara da zoɓo, mata suka koma kirana Hajiya mai sanyi, ni kuma ina wani ɗaga kai. Ban taɓa tsayawa na tambayi daga ina wutar take fitowa ba. Yanzu na sani. In ƙwan wutar nan ya kama, an buɗe ƙofa ke nan, ruwa yana gudu a rafi. Abin da yake bi ta kai ba zan rubuta ba.

Alhamis, 6 ga Azumi, bayan shan ruwa

Ba labari. Inna ta zuba tuwo a akushinsa ta rufe da faifai.

Juma'a, 7 ga Azumi, bayan shan ruwa

Baban Fatu ya zo, ya tsaya a zaure kamar yadda ya saba. Tun da aka ɗaura mana aure bai taɓa taka tsakar gidan nan ba. A dam yake aiki, shi ne mai shela. Sun ba shi babur da lasifika, duk ranar da za a saki ruwa sai ya bi ƙauyukan bakin rafi yana cewa kowa ya fito daga yashi. Muryarsa ƙauye uku take ci. Amma da ya hango Baffa, ko daga nesa ne, sai ka ga ƙaton mutum ya tuɓe takalmi ya durƙusa, maganar ma sai ka kasa kunne kafin ka ji. Ina yawan tsokanarsa da haka, ina cewa ko damisa ya gani ba zai yi wannan laushin ba. Baffa kuwa abin yana yi masa daɗi. Yakan ce wa Inna, "Yaron nan Bahaushe ne, amma ya fi 'ya'yan da na haifa kunya."

Baban Fatu ya rame. Idonsa ya faɗa. Tun ranar yana cikin masu nema, shi ne na farkon fita, shi ne na ƙarshen dawowa.

Na ce, "Ranar ka yi shela ta mashayarmu kuwa?"

Ya ce, "Na bi ta nan."

Kunu da ƙosan da na aika masa da aka sha ruwa, yadda suka tafi haka suka dawo.

Lahadi, 9 ga Azumi, da rana tsaka

Maƙwabciyata Tasalla ta zo tana ta murza gefen mayafi. Ta yi ta zagaye-zagaye, ya Inna, ya haƙuri, ya zafi. Na ce, "Tasalla, faɗi abin da ya kawo ki, kin ishe ni."

Ta ce, "Wallahi Sadiƙa ba rashin tausayi ba ne. Tsohuwata ce, ta ƙi ajiye azumin nan, jiya har suma ta yi. Na ce ko da sauran ƙanƙara."

Na so in ji haushinta, abin ya ƙi. Muka tafi gidana tare. Tun daga ƙofa na ji firizar tana ta gurnaninta, ba ruwanta da abin da ya faru. Cike take. Na juye wa Tasalla a bokiti, na ce ta raba wa duk mai tsoho a gida. Da ta fita na zare wayar daga bango, na bar murfin a buɗe.

Litinin, 10 ga Azumi, bayan La'asar

An ɗauko masunta biyu daga Kazaure, tunda mu nan ba mu da wanda ya iya ruwa. Ina za mu iya? Rafin da muke gani wata uku a shekara. Sun duba sun ce akwai gurbi mai zurfi a kwanar da ke ƙarƙashin duwatsu, duk abin da ruwa ya ɗauko a nan yake ajiyewa, yashi ya bi ya rufe. Sun ce muddin ana sakin ruwa kullum ba mai iya shiga. Sai an rufe ƙofofin yini guda da kwana, ruwan ya janye.

Yaya Lauwali da mai unguwa suka hau babur suka je wajen manyan dam. An ba su kujera, an yi musu magana mai daɗi. An ce wutar nan ba ta garinmu kaɗai ba ce, akwai asibitoci, akwai famfunan ruwan sha, akwai masu tumatir da albasa da suka zuba duk abin da suka mallaka a bakin rafi, ga azumi ga zafi. An ce za a duba.

Abin da ya fi ci min rai, ba zan iya cewa ƙarya suke yi ba. Watan jiya matar Yaya Lauwali ta haihu a ƙaramin asibitinmu, haihuwa mai wuya, da haske tar a kanta. Lokacin Fatu, da tocila a baki ungozoma ta karɓe ta. Samarin da ke tafiya ci-rani kudu duk shekara bana suna nan suna ban-ruwa. Duk na sani. Ni dai ubana nake so a ba ni.

Laraba, 12 ga Azumi, da Magariba

An kawo wuta. Na fita tsakar gida na zauna inda hasken bai kai ba.

Juma'a, 14 ga Azumi, bayan an sauko daga masallaci

Liman ya aiko a yi masa iso. Ya zauna a zaure, Inna tana daga bayan zana. Ya yi nasiha mai tsawo, sannan ya ce tunda kwanaki sun ja, ko za a yi salla ko da babu shi a gabanmu, ita kuma ta shiga abin da ya wajaba a kanta.

Inna ta ce, "Allah gafarta Malam, ka gan shi?"

Ya ce, "Ban gan shi ba."

Ta ce, "Ni ma ban gan shi ba. Ranar da aka kawo min shi zan cire awarwarona da hannuna. Kafin nan matar Lado ce ni."

Ban taɓa jin ta ambaci sunansa ba sai yau. Da Liman ya tafi ta shiga ɗaki ta ɗauko tandun kwalli ta rambaɗa, matar da rabonta da kwalli tun bikina.

Asabar, 15 ga Azumi, da hantsi

Yaya Lauwali ya shigo kamar zai ci babu. Ya ja ni bayan rumbu. Ya ce Daudu mai albasa ya ga babur ɗin Ukasha, wato Baban Fatu, a tsaye a mashayarmu ranar, Baffa yana ƙasa da shanu, kuma lasifikar a kashe take.

Na ce, "To sai me?"

Ya ce, "Tambayi mijinki. Ni in na tambaye shi ba da baki zan tambaya ba."

Lahadi, 16 ga Azumi, bayan Azahar

Na tambaye shi. A zaure, ni da shi. Zan rubuta yadda ya faɗa, sau ɗaya, ba zan sake ba.

Ya ce ranar aka fara tayar da inji na biyu, an gaya musu ruwan zai ninka wanda aka saba saki. Kafin nan ɗan abin da ake saki yashi yake shanyewa tun bai iso mu sosai ba, da ƙyar yake rufe idon sawu. Ya taho yana shela tun daga sama, yana zuwa mashaya ya hango jar saniya, ya hango malfa. Sai ya kashe lasifika.

Na ce, "Don me?"

Ya ce, "Sadiƙa, in yi wa Baffa magana da lasifika?"

Ya kafe babur, ya tuɓe takalmi a gaɓa, ya sauka cikin yashi mai zafi ya durƙusa. Ya gaishe shi, ya gaida shanu, ya tambayi Inna. Sannan ya ce, "Baffa, an ce yau za a saki ruwa da yawa." Baffa ya ɗaga sanda ya nuna gabas, ya nuna yamma, ya yi dariya. Ya ce, "Yaro, tun ana goya ni nake kallon rafin nan. Ka ga hadari?" Ya ce, "A'a, Baffa." Ya ce, "An yi ruwa a Roni jiya, ko a Gwiwa?" Ya ce, "Ba a yi ba, Baffa." Ya ce, "To je ka yi aikinka, Allah ya yi maka albarka. In na shayar da maruƙan nan zan hau."

Na ce, "Sai ka ce me?"

Ya ce, "Na ce to."

Ya ce ya yi niyyar ya kai shelar ƙauyen gaba ya juyo, ya sami wani dattijo sa'an Baffa ya roƙe shi ya zo ya yi masa magana, tunda shi ba zai iya maimaita wa suruki magana sau biyu ba. Yana gidan dattijon ya ji ƙarar.

Ban yi kuka ba. Na ce masa, "Da akuyar wani ce a cikin yashin nan da ka ɗauke ta a kafaɗa." Ya ce haka ne. Na so ya musa, na so ya ɗaga min murya ko sau ɗaya in sami abin kamawa. Ya zauna kansa a ƙasa, yadda ya zauna a gaban Baffa, sai na ji na tsani ganin ƙeyarsa.

Litinin, 17 ga Azumi, da safe

Ba zan koma gidan ba tukuna. Fatu tana tambayar babanta.

Talata, 18 ga Azumi, bayan La'asar

Yau Baffa nake jin haushi. Kai ma Baffa da taurin kai! Mutum ya zo har gabanka ba takalmi ya gaya maka, sai ka tsaya yi masa karatun sama. Gaskiya ne ba ka taɓa kuskuren hadari ba. Mutane daga Babura suna tsayar da kai a kasuwar shanu su tambaye ka yaushe za a yi shuka. Amma wannan ruwan ba daga sama yake zuwa ba, wani ne yake danna abu da yatsa a cikin ofis. An gaya maka tun bara, ka ce dam ɗin da ya cinye burtalin kakanninka ba zai koya maka rafi ba.

Sannan sai na tambayi kaina, da ya kunna lasifikar ya daka maka tsawa a gaban masu albasa, ya finciko hannunka zuwa gaɓa, ruwan kuma ya zo ɗan kaɗan kamar kullum, me za mu ce? Da Yaya Lauwali ne na farkon zuwa ya ce ya ci mutuncin ubanmu. Ni ce ta biyu. Mu muka yi ta yabon kunyar nan har ta yi ƙiba.

Sanin haka bai sa na huce ba.

Alhamis, 20 ga Azumi, da Magariba

Ashe Inna ta ji komai ranar Lahadi, zana ba bango ba ce. Tana rufe akushin da faifai sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ka ga hadari? Haka zai ce. Har sandar na gani." Ta yi 'yar dariya. Dariyar ce ta juye, ta dafa bango, kwallin ya zubo har haɓa. Na riƙe ta muka yi tare. Wannan ne na farko tun ranar da shanu suka dawo.

Asabar, 22 ga Azumi, da rana

Tasalla ta ce Baban Fatu ya ajiye babur. Kullum da sassafe yake zuwa ƙofar ofishin shugaban dam ɗin ya zauna a ƙasa, a rana, har a tashi. In mutumin ya fito sai ya miƙe ya ce a rufe ƙofa yini guda. An ce masa za a duba, ya ce a rufe. An ce zai rasa aikinsa, ya ce a rufe. Wai jiya har gaban mota ya sha, muryarsa tana fita har bakin titi.

Na ce, "Yanzu ya iya maimaita magana."

Tasalla ta ce, "Sadiƙa, ki ji tsoron Allah." Ta fi ni gaskiya.

Litinin, 24 ga Azumi

Ba labari. Zafi. Akushi, faifai.

Laraba, 26 ga Azumi, da hantsi

Manyan dam za su rufe ƙofofin. Dama akwai gyaran da za su yi bayan Salla, sun jawo shi gobe. Baban Fatu suka sa ya yi shelar, na jiyo muryarsa daga nesa ta dushe: ba wuta daga yammacin yau har jibi.

Gari ya ɗauki ƙorafi. Tela yana da ɗinkin Salla, mai injin niƙa yana da layi, masu tumatir suna cewa shukarsu za ta ƙone. Wata ta ce a bakin rijiya, ba ta san ina bayanta ba, "Saboda tsoho ɗaya a hana duniya ruwan sanyi." Na ajiye guga na dube ta har sai da ta ɗauki tulunta ba ta cika ba. Da na dawo gida na tuna jaririn Yaya Lauwali, na yi addu'a kada wata ta tashi haihuwa gobe.

Alhamis, 27 ga Azumi, bayan La'asar

An same shi.

A kwanar da masuntan suka ce, ƙarƙashin yashi. Da igiyar maruƙa da ke ɗaure a ƙugunsa aka gane shi, Yaya Lauwali ya san ƙullin. Sauran ba zan rubuta ba.

An ce da aka tono, kowa ya ja baya, har masuntan. Baban Fatu ne ya cire rigarsa ya lulluɓe shi, ya sa hannu biyu ya ɗauko shi a ƙirji ya hau gaɓa da shi. Mutumin da ko musafaha bai taɓa yi da shi ba, ko tabarma ɗaya ba su taɓa haɗawa ba. Yaya Lauwali da kansa ya gaya min, ya kasa ƙarasawa.

An yi masa sutura kafin La'asar. Baffa ya rasu. Na rubuta.

Juma'a, 28 ga Azumi, bayan shan ruwa

Inna ta cire awarwaronta da hannunta ta ba ni. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mutane har daga Kanya Babba.

Da yamma da aka ragu, ta tashi ta nufi zaure, na bi ta. Baban Fatu yana nan a lungu shi kaɗai. Yana jin takunta ya zabura zai fice, kamar yadda ya saba yi duk shekarun nan.

Ta ce, "Ukasha."

Ya daskare. Ni ma haka. Inna ba ta taɓa kama sunansa ba, ko a bayan idonsa "mutanen gidanku" take cewa.

Ya zube a ƙasa. Ta ce, "Ɗago ka dube ni." Ya kasa. Ta ce, "Na tsufa, ni ma na kusa fara gardama da duniya. Ranar da ka ga na nufi inda bai kamata ba, kada ka tsaya tuɓe takalmi. Ka ɗaga min murya, ka riƙe hannuna, ko a tsakiyar kasuwa ne. Ka ji?"

Ya ce to, can ƙasa-ƙasa.

Ta ce, "Ban ji ba."

Ya ɗago, fuskarsa sharkaf. Ya ce, "Na ji, Inna," har na ƙofar gida suka waiwayo.

Ana kiran Magariba aka kawo wuta. Yaran unguwa sun yi ihunsu. Na miƙe zan kashe ƙwan, Inna ta ce in bar shi, tana son ganin abin da take zubawa. Ta ɗauko akushin Baffa ta cika shi da tuwo, ta rufe da faifai kamar kullum, na ɗauka mantuwa ta yi. Sai ta miƙo min.

Ta ce, "Kai masa zaure. Ki tsaya a kansa sai ya cinye."